Ɗaɗɗori a Tukunya: Mai Shuka Bai Manta da Kai Ba

Karatu: 1 Sarakuna 17:1-16, Filibiyawa 4:10-13

Kafin ka ci gaba, ka buɗe Littafi Mai Tsarki ka karanta wuraren nan biyu da aka rubuta a bisa, gama a kansu za mu tsaya yau.

Akwai wata tambaya da masu bi da yawa suke riƙe da ita a zuciya, amma suna jin nauyin faɗarta a gaban jama'a. Tambayar ita ce, in Allah yana ƙaunata, don me ya yi shiru? An yi addu'a, an yi azumi, ciwon bai tafi ba. An noma auduga, an cire bashin taki, abin da ya rage bai kai kuɗin makarantar yara ba. Shekara bakwai da aure, har yanzu ba a ji kukan jariri a ɗaki ba. Ɗan'uwa, 'yar'uwa, idan wannan ita ce tambayarka, kada ka ajiye takardar nan. Wani ɗan tsiro na ƙasarmu zai taimake mu mu gane yadda Allah yake renon 'ya'yansa.

Tsiron da ya san rani

Sunansa ɗaɗɗori, waɗansu kuma suna ce da shi ɗoɗoriya. In ka taɓa bin hanyar da ta tashi daga Garwa ta bi ta Pitowa da Figil zuwa Marwa, ka wuce irin wuraren da yake so: tsakanin duwatsu, gindin suri, da kan itatuwan ƙaya inda yake yaɗo yana reto. Jikinsa kore ne mai kusurwa huɗu, a jere gaɓa-gaɓa, kowace gaɓa wajen santimita 8 zuwa 10. A mahaɗar gaɓoɓin ne ganye yake fitowa, tare da wani siririn zare mai naɗewa a jikin duk abin da ya taɓa. Ganyen ba ya daɗewa. Da rani ya shigo sai ya kakkaɓe, jikin ya rage shi kaɗai, amma yana nan kore.

Masanan tsirrai sun sa shi cikin dangin inabi. Karl Linne, mutumin Suwidin, shi ya raɗa masa sunan da ake rubutawa a littattafan ilimi, wato Cissus quadrangularis, a shekara ta 1767. A Turai da Amurka ana sayar da shi cikin tukunyar ratayawa domin ado a ɗaki. A Indiya ma'anar sunansa ita ce mai haɗa ƙashi, domin masu ɗori na can suna aiki da shi tun da daɗewa. Duk da haka, wanda ya karye sai a kai shi asibiti tukuna.

A nan arewacin Kamaru, musamman a duwatsun Mandara, kakanni sun daɗe suna dasa shi kusa da gida, waɗansu domin magani, waɗansu domin neman tsari. Saboda haka akwai masu bi da suke tsoron ajiye shi. Kada ka ji tsoro. Allah ne ya halicce shi, kamar yadda ya halicci kuka da tsamiya. Mai bi ba ya neman tsari wurin tsiro, Ubangiji ne mai tsaronsa. Amma Yesu da kansa ya umurci almajiransa su duba furannin jeji su ɗauki darasi, mu ma haka za mu yi.

Ka tuna da irin ƙasar da tsiron nan yake zaune a ciki. Garwa tana samun ruwan sama wajen milimita 1,000 a shekara, kusan dukansa daga watan Mayu zuwa Oktoba. Daga Nuwamba zuwa Maris sai iskar hunturu da ƙura. A Maris da Afrilu zafi yakan wuce digiri 40, kogin Binuwai ya janye, yashi ya fito fili. Ciyawa ta mutu, ɗaɗɗori yana nan da ransa.

Yadda ake dasa shi

Ka yanki gaɓa biyu ko uku da wuƙa mai tsabta, daidai mahaɗa. Ruwan jikinsa yana sa ƙaiƙayi, saboda haka ka wanke hannu, kada kuma ka bar yara su tauna shi. Kada ka dasa nan take. Ka ajiye shi a inuwa kwana uku zuwa biyar, har bakin yankan ya bushe, gama in ka binne shi da ɗanyen rauni ruɓewa zai yi.

Ka nemi tukunya mai huji a gindi. Ta ƙasa ta fi kyau domin tana shan iska, amma tsohon bokiti ko gwangwani ma ya isa in ka huda shi da ƙusa. Ka zuba tsakuwa ko fasassun kasko a ƙasa, sa'an nan ka haɗa yashi kashi biyu, ƙasar lambu kashi ɗaya, da ɗan ruɓaɓɓen taki. Baƙar lakar fadama inda ake dasa masakwa, wadda Fulani suke ce wa muskuwari, tana da kyau ga dawa domin tana riƙe ruwa, amma ga ɗaɗɗori kabari ce. Ka binne mahaɗar ƙasa, ka danna ƙasar a hankali. Cikin 'yan makonni saiwa za ta fito. Ka ajiye tukunyar a bakin rumfa ko baranda inda ranar safe take bugawa, ka kāre ta daga ranar tsaka ta bazara. In kana so ya sauko yana reto, ka rataye tukunyar. In kana so ya hau, ka kafa masa sanda ko ka ɗaura masa igiya.

Ba kowace rana ake ba shi ruwa ba

Ga inda mutane da yawa suke kuskurewa. Idan za ka ba shi ruwa, ka zuba sosai har ya fita ta gindin tukunya. Daga nan sai ka dakata. Kada ka ƙara sai ka sa yatsa cikin ƙasar ka ji ta bushe. Da bazara yakan kai mako guda, da hunturu mako biyu ko uku. A watan Agusta kuwa ka janye tukunyar daga ƙarƙashin indararo. Dalili shi ne saiwa tana bukatar iska kamar yadda take bukatar ruwa, iska kuwa ba ta shiga sai ƙasa ta tsane.

Baƙon da ya ga mai gida ya wuce tukunyar kwana shida bai zuba mata ko ɗigo ba zai ce ya manta da ita. Bai manta ba. Kowace safiya yana dubanta, yana taɓa ƙasar. Ranar da ya zuba ruwa kula yake yi, ranar da ya hana ma kula yake yi.

Yanzu ka koma ga annabi Iliya. A zamanin sarki Ahab ya sanar cewa za a hana ruwan sama, farin kuwa ya kai shekara uku da wata shida, kamar yadda Luka 4:25 da Yakubu 5:17 suka nuna. Allah ya aike shi ya ɓuya a rafin Kerit. Hankaki suna kawo masa abinci da nama safe da yamma, yana sha daga rafin. Bayan an jima sai rafin ya ƙafe.

Ka lura da kyau, ɗan'uwa. Iliya bai yi zunubi ba, bai kuwa bar inda aka ajiye shi ba. Yana cikin biyayya rafin ya ƙafe. Ka yi tunanin yadda yake ganin ruwan yana raguwa kowace safiya, duwatsun da suke ƙarƙashi suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, sama kuwa shiru. Sai da ruwan ya ƙare sarai maganar Ubangiji ta zo masa, ta aike shi Zarefat a ƙasar Sidon. A can akwai wata gwauruwa da ba ta da kome sai ɗan gari a tulu da ɗan mai a kwalba, tana tsintar itace domin ta dafa abincin ƙarshe ita da ɗanta. Da rafin bai ƙafe ba, da Iliya bai tashi ba, da matar nan da ɗanta sun mutu da yunwa. Ƙafewar rafin mutum ɗaya ta zama ran gida guda.

Saboda haka kada ka yi saurin cewa Allah ya yashe ka, kada kuma ka yarda da wanda ya ce maka kowace wahala hukuncin zunubi ce. Idan akwai zunubi, Ruhu Mai Tsarki zai nuna maka shi a fili domin ka tuba. Idan kuwa ka bincika zuciyarka kana tafiya cikin gaskiya, ka zauna a inda aka ajiye ka, kunnenka a buɗe. Mai shuka yana sane da ranar da zai dawo da tulu.

Abin da yake kashe shi

Ɗaɗɗori a tukunya ba safai yake mutuwa da ƙishirwa ba. In ƙishirwa ta kama shi, gaɓoɓin sukan motse su yi siriri, amma da ka ba shi ruwa, cikin 'yan kwanaki sai su cika. Abin da yake kashe shi shi ne ruwan da ya kwanta. Gaɓoɓin ƙasa su yi rawaya, su yi laushi, su yi baƙi. Abin baƙin ciki kuwa shi ne ruɓar takan fara a ɓoye cikin ƙasa, saman yana kore, mai shi bai sani ba sai tsiron ya faɗi.

Mutanen bakin Binuwai sun san cewa ruwa ma yana hallakarwa. Madatsar Lagdo, wadda aka gama a 1982 wajen kilomita 50 daga Garwa, tana ba mu wutar lantarki da kifi da ruwan noman shinkafa. Amma a daminar 2012 ruwa ya yi yawa, aka buɗe ƙofofin madatsar, ambaliya ta ci gidaje da gonaki a wannan yanki, ta gangara har jihohin Adamawa, Taraba, Binuwai da Kogi a Nijeriya. Ruwan da muke roƙo da hawaye a watan Afrilu, shi ne ya kori mutane daga gidajensu a Agusta da Satumba.

A Maimaitawar Shari'a sura 8, Musa ya gargaɗi Isra'ilawa bayan shekara 40 a jeji. Abin da ya fi jin tsoro a kansu shi ne ranar ƙoshi, sa'ad da za su gina gidaje masu kyau, garkunansu su yi yawa, zuciyarsu ta ɗaukaka, su ce ƙarfin hannunsu ne ya samo musu. Agur kuma, a Karin Magana 30:7-9, ya roƙi Allah ya tsare shi daga talauci da wadata duka biyu, domin ya san yunwa tana iya kai shi sata, ƙoshi kuma yana iya sa ya yi musun Ubangiji.

Kai da Allah ya buɗe wa hanya, kasuwa tana tafiya, albashi yana shiga, ina hujin tukunyarka? Albarkar da take shiga ba ta da mafita, ita ce take ruɓar da saiwa. Mafitar kuwa ita ce bayarwa: gwauruwar da take layinku, marayan da aka koro daga makaranta, mai bisharar da yake ƙauye ba shi da ko keke. Alamun ruɓa ba su da wuyar ganewa in mutum ya yarda ya duba. Addu'ar safe ta gajarta, ranar Lahadi ta zama ranar lissafin shago, gargaɗin dattawan ikilisiya ya fara ba ka haushi.

Ka kuma yi hankali da masu wa'azin da suke yi maka alkawari cewa mai bi ba zai ga rani ba, muddin ya sayi mai ko ruwa daga hannunsu. Iliya ya ga rani. Bulus ya roƙi Ubangiji sau uku a cire masa ƙayar da take jikinsa, ba a cire ba, aka ba shi alherin da zai ishe shi. Wanda ya ce maka kai ka fi su, yaudararka yake yi.

Ajiyar da take cikin gaɓoɓi

Yaya ɗaɗɗori yake ƙetare watanni biyar babu ruwan sama? Ka karya gaɓa ɗaya ka gani, cike take da ruwa. Abin da ya sha da damina ya ajiye shi. Akwai kuma wani abin al'ajabi da masana suka gano. Tsirrai suna shaƙar iska ta waɗansu 'yan ƙofofi da ido ba ya gani. Yawancinsu suna buɗe ƙofofin da rana, ruwansu yana fita tare da zafi. Ɗaɗɗori kuwa yana rufe na jikinsa da rana, ya buɗe da dare sa'ad da gari ya yi sanyi, ya ɗebi abin da zai yi aiki da shi in rana ta fito.

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Yusufu ya shawarci Fir'auna a tara kashi ɗaya cikin biyar na amfanin gona a shekara bakwai na ƙoshi, da wannan ajiya Masar da gidan Yakubu suka tsira a shekara bakwai na yunwa. Ubangijinmu Yesu, bayan azumin kwana 40 a jeji, sau uku ya amsa wa Shaiɗan daga littafin Maimaitawar Shari'a. Ba a ba shi littafi ya duba a wurin ba, maganar tana cikinsa tun dā. Markus kuma ya gaya mana cewa yakan tashi tun da sauran duhu ya tafi inda ba kowa ya yi addu'a.

Me kake ajiyewa yanzu da kake da lafiya, idanunka suna gani, majami'a tana buɗe? Ranar da za ka kwanta a gadon asibiti ba za ka iya riƙe littafi ba, abin da yake cikin zuciyarka shi za ka sha. Ka haddace aya ɗaya kowane mako, a shekara ka tara 52. In ba ka iya karatu ba, ka sa ɗanka ko maƙwabcinka ya maimaita maka har ta zauna. Ka keɓe lokaci da asuba kafin hayaniyar gida ta tashi. Iyaye mata, ku koya wa yara a bakin murhu. Bulus yana kurkuku sa'ad da ya rubuta wa Filibiyawa cewa ya iya zama cikin ƙoshi da yunwa ta wurin ikon Kristi, ya kuma ce koya ya yi. Abin da aka koya kuwa, da kaɗan da kaɗan ake tara shi.

Gaɓar da aka yanke

Saura abu ɗaya. In ka yanki gaɓar ɗaɗɗori ka ajiye a kan katanga, za ta yi makonni tana kore. Mai wucewa zai ce tana da rai, amma tsohuwar ajiya take ci, babu abin da yake shiga. In ba a sa ta cikin ƙasa ba, ƙarshenta bushewa. A Yahaya sura 15 Yesu ya kwatanta kansa da itacen inabi, mu kuma rassa, ya nuna cewa reshen da bai zauna a cikinsa ba ba shi da abin da zai iya. Wataƙila ka daɗe da barin zumunta. Har yanzu kana tuna waƙoƙin sujada, bakinka ya iya addu'a, mutane suna kiranka Kirista. Kada koren nan ya ruɗe ka. Ka komo wurin Kristi tun da sauran ruwa a jikinka, gama bai taɓa korar wanda ya zo gare shi ba.

Akwai kuma waɗanda ba su yanke kansu ba, yanke su aka yi. Tun 2014 hare-haren Boko Haram suka tashi ƙauyuka da yawa na bakin iyaka a Mayo-Sava da Mayo-Tsanaga. An buɗe sansanin Minawawo kusa da Mokolo a 2013 domin 'yan gudun hijira daga Nijeriya. Waɗansu iyalai sun sauka a Mora da Marwa, waɗansu sun gangaro har Garwa. In kana cikinsu, ka ji wannan. Sa'ad da aka kashe Istifanas, tsanani ya warwatsa masu bi daga Urushalima, amma duk inda suka sauka suka yi shelar bishara, Filibus ya kai ta Samariya. Gaɓar da take hannun Mai shuka ba ta ɓata ba. Yana jira raunin ya kame ne, sa'an nan ya dasa. Kada ka zargi kanka domin har yanzu kana kuka. Ku kuwa ikilisiyoyin da baƙin nan suka sauka a cikinku, ku ne ƙasar da za su yi saiwa a ciki. Ku ba su wurin zama, ku koyi sunayensu, ku ba su aiki a cikin sujada.

Ɗan'uwa mai karatu, a wane hali kake yau? In rani kake ciki, ka jira Ubangiji, ka sha daga ajiyarka. In damina kake ciki, ka tara Maganar, ka buɗe hannu. In kuwa ba ka taɓa ba da ranka ga Yesu ba, shi ne ya ji ƙishirwa a kan gicciye domin ka sami ruwan rai. Ka tuba ka gaskata da shi yau, ka nemi fasto ko wani dattijon ikilisiya kusa da kai ka gaya masa.

Bari mu yi addu'a

Ya Ubanmu na sama, kai ne ka dasa mu, kai ne kake renonmu. Mun gode maka domin ranakun da ka shayar da mu. Ka ba mu bangaskiya mu dogara gare ka a ranakun da ka dakata. Ka tsare mu daga girmankai a lokacin ƙoshi, ka buɗe hannuwanmu ga masu bukata. Ka sa Maganarka ta zauna a cikinmu. Ka komo da waɗanda suka yi nisa, ka warkar da raunin waɗanda aka raba da gidajensu, ka ba ƙasarmu salama. Mun roƙa cikin sunan Yesu Kristi Ubangijinmu. Amin.

Alherin Ubangiji ya kasance tare da kai, sai mun sake saduwa.